DARASI NA 19: Halayen Da Ake Nema Ga Abokin Zaman Aure, Da Wajabcin Mutum Ya Fara Auna Kansa

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare, na Tsarnawa da Ƙonni da Malbaza da Illela, da sauran garuruwan da wannan murya take kaiwa, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Kowa ya san abin da ke biyo bayan Salla a ƙasarmu. Da an sauko daga Idi, ba a kwana da yawa sai goron ɗaurin aure ya fara zagaya masallatai. Don haka ne tambayoyin aure suka yi yawa a cikin waɗanda aka aiko mana a wannan mako. Saurayi yana tambaya waɗanne halaye zai duba ga yarinya. Bazawara tana tambaya yadda za ta gane mutumin kirki, don kada ta sake faɗawa inda ta fito. Uba yana tambaya wa zai ba ɗiyarsa cikin mutum biyu da suka fito.

Tambayoyi ne masu kyau, kuma za mu amsa su gwargwadon iko. Amma na lura da wani abu: kowa halin wani yake tambaya. Ba a samu ko mutum guda da ya ce, "Malam, ni wane hali ya kamata in gyara kafin in je neman ɗiyar mutane?" Darasinmu na yau zai bi ta kan halayen da ake nema, sannan ya ƙare a kan wannan tambaya da ba a yi ba.

Abin da ake yin aure dominsa

Wanda zai sayi kaya sai ya san amfanin da zai yi da shi. A cikin Suratur Rum, aya ta 21, Allah ya ambaci aure a cikin ayoyin ikonsa, ya kuma bayyana abin da ya ajiye a cikinsa: natsuwar zuciya, da ƙauna, da jin ƙai. Saboda haka halin da ya cancanci a nema shi ne wanda zai kawo waɗannan cikin ɗaki, ya kuma riƙe su idan shekaru suka tura.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abubuwa huɗu da mutane suke auren mace dominsu: dukiya, da asali, da kyau, da addini, sannan ya yi umarni da a riƙi ma'abuciyar addini. Malamai sun ce wannan ma'auni ya hau kan namiji kamar yadda ya hau kan mace. Kada kuma wani ya fahimci cewa an hana son kyau. Lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Annabi ya umarce shi da ya je ya ga matar, domin hakan ya fi sa zama ya ɗore. Ido yana da haƙƙinsa. Abin da aka hana shi ne ido ya yanke hukunci shi kaɗai.

Mutanen Tsarnawa sun fi kowa sanin wannan. Ɗan kasuwar da ya zo daga Abijan ko Akara sayen albasa ba ya biyan kuɗi don ya ga bakin buhu, domin ya san manyan ne ake jerawa a sama. Manomi kuma ya san albasar da aka cika wa ruwa da takin zamani takan yi girma da sheƙi a garka, amma idan aka zuba ta a rudu ba ta wata biyu sai ta fara ruɓa. Mai kyau ita ce wadda aka buɗe rudu bayan watanni aka tarar da ita lafiya. Zance a ƙofar gida da hira a waya bakin buhu ne. Zaman aure shi ne rudu.

Addini da hali

Me ake nufi da addini a nan? Da yawa daga cikinmu mun taƙaita shi ga abin da ake gani: sahun gaba a masallaci, ko tsawon hijabi. Waɗannan alheri ne, ba mai raina su. Sai dai a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda aka umarci iyaye da su aurar wa wanda ya zo musu idan sun yarda da shi, abu biyu aka gwama: addininsa da halinsa. An gwama su ne don akan samu mai yawan nafila wanda harshensa ya fi kunama harbi. An ruwaito cewa wani mutum ya nemi shawarar Hasanul Basari a kan wanda zai ba ɗiyarsa, sai ya nuna masa mai tsoron Allah, ya kafa hujja da cewa irin wannan idan yana sonta zai girmama ta, idan kuma son ya ragu tsoron Allah zai hana shi zaluntar ta. Ku lura, ya yi lissafin ranar da so zai yi sanyi. Mu kuwa ranar buki kawai muke lissafawa.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, dacewar miji da mata ana duba ta ne ta fuskar addini da kuɓuta daga aibobin jiki da ke ba da damar raba aure. Wannan ya kamata ya sa mu sake tunani a kan wata al'ada da ta yi mana katutu, ta hana saurayi mace don kakansa maƙeri ne ko mahauci, ko don wani tsohon zance na asali. Usama ɗan Zaidu, ɗan ƴantaccen bawa ne, kuma Annabi da kansa ya zaɓe shi ga Faɗima ɗiyar Ƙaisu, Baƙuraisha. Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina, halifa Abdulmalik ya nema wa ɗansa Walidu auren ɗiyarsa, ya ƙi, ya aurar da ita ga wani talakan almajirinsa a kan ƴan dirhamai kaɗan. Wane ne a cikinmu ya fi Sa'idu sanin darajar ɗiya?

Amana da ɗaukar nauyi

A cikin Suratul Ƙasasi an ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a bakin rijiyar Madyana. Ya tarar da mata biyu sun ja baya da dabbobinsu saboda cunkoson makiyaya, ya shayar musu, bai nemi lada ba. Da ɗayarsu ta yi wa mahaifinta maganarsa, abu biyu ta yaba: ƙarfi da amana. Ƙarshen labarin aure ne. A lokacin Musa baƙo ne, ba shi da gida, ba shi da ko akuya.

Haka Nana Hadiza, Allah ya yarda da ita. Ta ba Annabi dukiyarta ya kai fatauci Sham tun kafin annabci, yaronta Maisara ya dawo ya ba ta labarin gaskiyarsa a ciniki, sai ita ta nemi aurensa. Bayan shekara 15 suna tare, ranar da ya dawo daga kogon Hira a firgice, ta kwantar masa da hankali da lissafa halayensa: sada zumunci, ɗaukar nauyin mai rauni, karɓar baƙo, da tsayawa tare da mutane idan masifa ta auku. Shaidar mace ce a kan mijinta bayan shekara 15, kuma babu shaidar da ta fi wannan wuyar samu, domin mutum yana iya ɓoye halinsa ga gari duka amma ba ga wadda take shimfiɗa masa tabarma ba.

A ƙasarmu amana tana da nauyi na musamman, saboda cin rani. Da an gama girbi, samari da magidanta sukan kama hanya, wani Legas, wani Abijan, wani Libiya. Wani wata shida, wani shekara uku. Matar da aka bari tana riƙe da ƴaƴa da rumbu da mutuncin gida. Mijin da ya tafi yana riƙe da alkawarin ci da sha da sutura, da tsare kansa a inda ba wanda ya san shi. Duk wanda zai zaɓi abokin zama a irin wannan ƙasa, ya tambayi kansa: wannan mutum, yaya zai kasance idan ba na nan?

Ƙarfin da ake nema ga namiji kuma ba tarin dukiya ba ne. Mai garka da ke tashi da asuba ya tada injin ban ruwa, da mai kabu-kabu, da lebura a masana'antar siminti ta Malbaza, duk masu ƙarfi ne idan abin da suka samu yana isa gida. Wanda yake wuni a fada yana jiran shayi na uku, yana cewa sai babbar harka ta faɗo, shi ne abin tsoro, ko da rigarsa ta fi ta kowa guga.

Yadda ake bincike

An ruwaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba, wataƙila dai ya gan shi yana salla a masallaci. To waɗannan su ne mutanen da ake tambaya: maƙwabci, da abokin tafiya, da wanda suka yi ciniki ko bashi ya shiga tsakaninsu. Ga mace kuma, a tambayi matan da suke haɗuwa da ita a rijiya da wurin niƙa, a dubi yadda take da mahaifiyarta da ƙannenta.

Wanda aka tambaya kuma wajibi ne ya faɗi gaskiya. A Sahihu Muslim, Faɗima ɗiyar Ƙaisu ta gaya wa Annabi cewa Mu'awiya da Abu Jahmi sun fito neman aurenta. Ya sanar da ita cewa na farko ba shi da dukiya, na biyu kuma mai dukan mata ne, sannan ya nuna mata Usama. Daga nan malamai suka ciro cewa faɗin aibi ga mai neman shawarar aure nasiha ce, ba ta cikin gibar da aka haramta, matuƙar an tsaya ga abin da aka sani kuma ba da nufin ɓatanci ba. Kai da ka san yaro yana shan tramol, aka zo aka tambaye ka, ka ce "ba mu san shi da komai ba sai alheri" don kunyar mahaifinsa, ka sani kana da kaso a cikin hawayen yarinyar nan.

Cikin bincike akwai awon jini. Ciwon sikila gado ne. Idan miji da mata duka suna ɗauke da rukunin AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da yaro mai SS, kuma su iyayen lafiyarsu lau, ba abin da ke nunawa a jikinsu. Mu da muke yawan auren zumunci mun fi kowa bukatar wannan awo. A Kano, a shekarar 2024, hukuma ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka. Mu ma kada mu jira doka. A je asibiti tun kafin a kai gaisuwa, lokacin da rabuwa ba ta da ciwo sosai. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba. Ɗaure raƙumi ne.

Sannan a nemi yardar yarinya. Buhari ya ruwaito cewa Hansa'u ɗiyar Hizamu, bazawara, mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi ya warware auren. Bayan an yi bincike da shawara, sai a yi istihara.

Misali daga gidanmu

Ba sai mun je nesa ba. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Ƙonni suka zauna, kuma a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haife shi a shekarar 1754. A littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajiran waje suna barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Kuma ya fara da gidansa. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƴan taru, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma malami ne marubuci. Ilminta bai tsone masa ido ba, kuma aurensa bai rufe mata littafi ba. Da yawa suna cewa suna son mace irin Nana Asma'u. Wa ya shirya zama Giɗaɗo?

Mutum ya hau ma'auninsa

Wannan tambaya ta kawo mu ga zuciyar darasi. Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk halin da muka lissafa, mutum yakan ji shi yana kallon wani. To yanzu kowa ya juyo da madubin.

Kai saurayi, ka ce kana son mai addini. Sallar asuba nawa ka samu cikin jam'i a watan Sha'aban, kafin azumi ya tashe ka don sahur? Kana son wadda ba ta taɓa kula kowa ba, alhali wayarka tana cike da lambobin ƴaƴan mutane, kowace ka yi mata alkawari. Kana son mai haƙuri, amma ƙanwarka ba ta iya miƙo maka ruwa ba tare da ka daka mata tsawa ba. Yadda kake da matan gidanku yau, haka za ka kasance da matarka bayan wata shida. Hali zanen dutse ne, kuma ɗaurin aure Fatiha ce, ba wanka ba ne da ke canza mutum.

Ke budurwa, kin ce kina son mai gaskiya. Shin kin gaya wa wanda yake zuwa wurinki gaskiya, ko kina karɓar kyautar mutum uku kina jiran wanda lefensa zai fi nauyi? Kina son wanda zai riƙe sirrinki. Ke kina riƙe na ƙawarki? Kina son mai wadatar zuci, to idan aka kawo miki kayan ɗaki ba su kai na ɗiyar maƙwabta ba, yaya fuskarki za ta kasance?

Ku magidanta, kada ku ce wannan darasin na yara ne. A zaman sulhu da muke yi a zaure, da wuya ka ji miji ya fara da cewa "ni na yi kuskure kaza." Kowa yakan zo da lissafin ɗan'uwansa a haddace, nasa kuwa ya bar shi a gida. Aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi yake yi a cikin gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Kai kuma fa? Yanzu haka matarka tana azumi kamar yadda kake yi. Tun la'asar tana gaban murhu cikin wannan zafi, tana dama kunu tana suyar ƙosai, goyo a bayanta, kai kana inuwa kana jan casbi. Ranar da aka kira salla abinci bai sauka ba, me ya fito daga bakinka? Wannan kalmar ita ce halinka. Wanda ake gani a sahu bakin buhu ne.

Ku iyaye mata, kuna son surukar da za ta ɗauke ku kamar uwa. Ku tambayi kanku ko kun ɗauke ta kamar ɗiya. Abin da ba ki so a yi wa taki a gidan wani, kada ki yi wa ta wani a gidanki.

Ni mai wannan magana ban fita daga ciki ba. Karantar da haƙuri a rediyo ya fi sauƙi a kan yin sa idan an koma gida a gajiye. Allah ya rufa mana asiri.

Akwai gyara guda da ya wajaba in yi, don kada magana ta zama zalunci. A Suratun Nur, aya ta 26, an nuna cewa nagari na nagari ne. Wannan ba ya nufin duk wadda ta haɗu da mugun miji ita ma muguwa ce. Asiya matar Fir'auna ce, kuma Allah ya buga misali da ita ga muminai a Suratut Tahrim. A nan ne kuma aka ambaci matar Annabi Nuhu da ta Annabi Luɗu. Wani lokaci abokin zama jarrabawa ne. Ke da ake duka ko ake bari da yunwa, binciken kai ba ya nufin ki ɗora wa kanki laifin wani. Shari'a ta ba ki hanyar kai kuka ga waliyyanki da ga alƙali.

Haka nan binciken kai ba ya nufin jiran sai mutum ya zama cikakke kafin ya yi aure, ko ya jira cikakke. Babu shi. Muslim ya ruwaito hani ga mumini ya ƙi matarsa mumina ɗungurungum, domin idan wani hali nata bai yi masa ba, wani zai yi masa. Wanda ya san nasa aibi ya fi saurin yafe na wani. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma a baki ɗaya suke kwana.

Aikin da za mu tafi da shi

Goman ƙarshe tana ƙofa. Azumi ibada ce da ba mai ganin ta sai Allah: kana iya shiga ɗaki ka sha ruwa, ba wanda zai sani, amma ba ka sha ba. Wannan ita ce amanar da aure yake bukata, kuma ga shi mun yi kwana 19 muna koyon ta. Sayyidina Umar ya yi wasiyya da mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa.

Saboda haka ga aiki. A cikin waɗannan darare, bayan asham, kowa ya keɓe. Ya lissafa halaye biyar da yake so ga mijinta ko matarsa, na yanzu ko na gaba. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: ni ina da wannan? Wanda ya samu yana da shi, ya gode wa Allah. Wanda ya rasa, ya ɗauki guda ɗaya tak ya fara aiki a kansa kafin Salla. Idan yana da ƙarfin zuciya, ya sami wanda ba ya jin tsoronsa, mahaifiya ko tsohon aboki, ya ce a gaya masa aibinsa, kuma idan an faɗa kada ya yi gardama, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai aure kuma ya tambayi abokin zamansa abu guda da yake so a daina, ya saurara har a gama magana.

Allah ya ba samarinmu mata nagari, ya sa su cancanci samun su. Allah ya ba ƴanmatanmu da zawarawanmu maza masu tsoronsa. Allah ya daidaita tsakanin ma'auratan da suka saɓa, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, ya shirya mana zuriya. Allah ya sa mu dace da daren Lailatul Ƙadari, ya sa muna cikin ƴantattun bayinsa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Gobe in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan sadaki da tsadar buki.